Farar Mota a Hanyar Lis

A unguwar Hindawiyya ta Makka, in aka ambaci Hajiya Maiturare, abin da ake fara yabo shi ne ƙafarta. Tsofaffin matan da suka yi talla tare da ita suna cewa duk shekarun da ta yi tana baza turaren wuta da humra a bakin titin da ke gangarawa Harami, 'yan baladiyya masu korar 'yan talla ba su taɓa riƙe ko gefen mayafinta ba. Wai kafin sauran su hango farar motar hukumar, ita ta riga ta tattare bakin zanen kayan ta shige lungu. Direbobin tasi na unguwar cewa suke ta fi su sanin hanyoyin bayan gidaje. Jikokinta kuwa ta wani gefe suka san ta: tsohuwa ce da ba ta shan ruwan firiji, ba ta son a yi mata Larabci a ɗakinta alhali ta fi su iya shi, kuma ba ta gajiya da labarin mahaifinta, wanda ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa yana saurayi, ya iso Makka da mata da goyo.

Shi ya sa da Malam Abdulwadud ya zo da shawararsa, ƙofarta ya fara ƙwanƙwasawa. Ɗalibi ne daga Zariya, yana koya wa yaran unguwa Hausa ran Asabar. Ya ce yana so a hutun sanyi a kwashi kakanni da jikoki a kai su wani kwari a hanyar Lis, inda mutanen zamanin da kan sauka daga jirgin ruwa su ƙarasa Makka a ƙasa. Za a yi bukka da kara da buhu, a daka gero a turmi, a ɗebo ruwa a salka, a dafa a murhun duwatsu. Ba waya, ba Larabci. Maiturare ta ce ai ya makara, da tun bara ya zo.

Cikin jikokinta sai ta zaɓi Shahad, 'yar ɗanta Hatim da ke zaune a Ka'akiyya. Yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya, siririya, mai yawan tambaya. Da Maiturare ta gan ta sai ta ce, "Ga ƙawata ragguwa," ita kuma ta rama da cewa tsohuwa ta ƙi mutuwa ta bar mata ɗakin.

Ranar tafiya, a gindin bas, Nadiya uwar yarinyar ta ja surukarta gefe. Ta ɗaga hannun rigar Shahad ta nuna mata wani farin abu kamar maɓalli manne a damtsenta. Ta yi bayani da Larabci, da sauri, irin na wadda ta faɗi magana ɗaya sau da yawa: maɓallin yana auna sugan jinin yarinyar ya aika wa wayar Shahad ɗin, wayar kuma tana kuka in ya yi ƙasa. Ga allurarta, ta iya yi da kanta. Ga 'yar jaka da kwalayen lemo da alewa, kada ta rabu da ita. Ta roƙi a sanar da Malam.

"Na ji, Ummu Shahad," in ji Maiturare. "Bakwai na goya, ba yau na fara ba."

Ba ta sanar da Malam ba. A ganinta ciwon 'ya mace ba abin shela ba ne a gaban baƙo da matan unguwa, yarinya ce da wata rana za a zo neman aurenta. Ciwon suga kuma ba wanda zai koya mata shi. Shi ya ci mijinta, ya fara da yatsan ƙafa, kuma har ya rasu likita abu ɗaya yake nanatawa, a raba shi da zaƙi.

Da suka isa kwarin, Malam ya zagaya da kwando kowa ya saka wayarsa. Shahad ta riƙe tata, ta fara magana da Larabci. Maiturare ta kama kunnenta na kanta ta ce ba ta jin wannan yaren, ko akwai tafinta a kusa? Yara suka yi dariya. Shahad ta duba su, ta duba kakarta, ta saka wayar a kwando. Da yamma, yarinyar tana wajen daka, Maiturare ta buɗe 'yar jakar, ta ga lemo da alewa, ta girgiza kai a kan uwar da ke tura wa 'yarta guba don kada ta yi kuka. Ta kwashe su ta ba Malam, ya haɗa da wayoyi ya kulle a motarsa.

Wunin ya yi daɗi. Shahad ta fasa tafin hannu a taɓarya ta ƙi nunawa, bukkarsu ce kaɗai iska ba ta kayar ba.

Washegari bayan asuba Shahad ta ga mata suna kai-kawo a wajen murhu da ƙullin kunu, ta ɗauka an kusa karyawa, ta shiga bukka ta yi allurarta. Da ta fito sai ta tarar itace ya ƙare tun daren jiya. Malam ya ce ai haka mutanen zamanin da suke yi, ba a cin abinci sai an nemo abin dafa shi. Kowace kaka ta kama jikanta su shiga kwari.

Sauran sun tsaya kusa suna tsintar ƙirare. Maiturare ta ce wannan ba itace ba ne, tsinken sakace ne, ta ja Shahad suka haura wani tudu suka gangara bayansa, inda ta hango busassun ƙayoyi. Tana tafe tana labarin yadda uwarta ta haihu a irin wannan wuri, ta yanke cibi da kanta, ta tashi ta bi ayari. Ba ta lura yarinyar ta daina tambaya ba.

"Kaka, ina jin yunwa," in ji Shahad.

Maiturare ta ce ita ma haka, kuma ita ce babba.

Suka ƙara gaba. Ta karya reshe, ta miƙa baya a karɓa, ba a karɓa ba. Da ta waiga, Shahad na tsugune tana lalube cikin 'yar jakarta, ta juye ta ƙasa, ba abin da ya faɗo sai alƙalamin allura da auduga. Goshinta ya jiƙe sharkaf alhali iskar safiyar tana da sanyi.

"Ina lemona?"

"Na ajiye miki. Mai ciwonki ba ya shan lemo, ƙawata. Tashi, ragguwa."

Yarinyar ta ɗago hannuwanta ta nuna mata. Rawa suke, kamar na tsohon da ya daɗe a kwance. Ta nemi kalmar Hausa ba ta samu ba, sai ta koma Larabci, a hankali, harshenta yana nauyi. Ta ce sugan ba hawa ya yi ba, sauka ya yi. Ta ce ta yi allura ba ta ci komai ba. Ta ce in ba ta sha zaƙi yanzu ba za ta yi barci, kuma Mama ta ce irin wannan barcin ba a barin mutum ya yi shi.

Wannan karon Maiturare ba ta tambayi tafinta ba. Maganar Nadiya a gindin bas ta dawo mata guntu-guntu, in ya yi ƙasa, in ya yi ƙasa. Ta laluba ƙullin bakin mayafinta, goro ne ɓari guda da ɗan kanumfari. Ta duba itatuwan, ba mai 'ya'ya ko ɗaya. Ta juya ta nemi tudun da suka hauro, sai ta ga tudu uku, duk launi ɗaya, duk baƙin dutse. Ta ƙwala kiran Malam. Muryarta ta bugi dutse ta dawo mata.

Ta ce wa Shahad ta tashi su koma. Yarinyar ta miƙe, ta yi taku kaɗan a karkace, ta yi wata dariya da ba tata ba, ta zube a kan gwiwa.

Tsoro ya kama Maiturare. Ta ga gawa da yawa a rayuwarta, ta wanke wasu da hannunta, ba ta taɓa jin irin wannan ba. Ta kwance mayafi, ta durƙusa, ta jawo yarinyar bayanta ta ɗaure kamar jaririya. Ƙafafun Shahad suna bugun ƙwaurinta. Da ta yunƙura za ta miƙe gwiwarta ta hagu ta yi ƙara, ta dafa dutse, ta sake yunƙurawa.

Ba ta san ina sansanin yake ba, amma ta tuna bas ɗinsu ta biyo wata hanyar ƙasa da ke bin gindin duwatsu ta ɓangaren rana. Ta sa rana a fuskarta ta fara tafiya. Tana tafe tana kiran sunan yarinyar, tana sa ta amsa. Ta ce ta ƙirga mata da Hausa, Shahad ta tsaya a huɗu. Ta ce to ta yi da Larabci, duk yaren da take so. Ta yi mata alkawarin ɗakin, da akwatin turaren, da 'yan kunnen zinariyar da take yawan taɓawa. Amsar tana ƙara nisa, daga kalma ta koma gurnani. Gumin yarinyar ya ratsa rigar Maiturare, sanyi ƙalau. Takalminta ɗaya ya tsinke, ta bar shi a nan.

Ta fito kan hanyar ba ta ma sani ba, sai da ta ga sawun taya a ƙasa. Ba kowa, ba gida, ba ko akuya. Ta tsaya tana haki, tana duban dama da hagu.

Sai ta ji ƙugin inji. Ƙura ta taso daga kudu, a cikinta farar mota mai tsayi, da fitilu jere a kanta, da tambarin hukuma a ƙofa.

Abin da ya biyo baya, ba ta yi shawara da kanta ba. Hannunta ya kai baya ya tallafe goyon, kafaɗunta suka sunkuya, ƙafafunta suka yi gefe suka sauka cikin wani rami a bayan babban dutse. Ta tsuguna ta manne da shi, ta riƙe numfashi, ta sunkuyar da kai don kada farin ɗankwalinta ya nuna. Ta saurari injin yana matsowa, ya zo daidai da ita har ta ji muryar rediyo a ciki, ya wuce. Har wani daɗi ta ji ya ratsa ta, tsohon daɗin nan na wadda ta sake tsira.

Ƙurar tana sauka a kan hannunta kafin ta gane abin da ta yi.

Ba ta da zanen kayan talla. Katinta na izinin zama yana cikin jakar wuyanta, sabo, Hatim da kansa yake sabunta mata. Ba wanda ya kore ta a titi tun kafin a haifi yarinyar da ke bayanta. Ta rarrafo daga ramin, ta fito hanya tana ɗaga hannu tana ihu, amma motar ta riga ta sha kwanar dutse, ko ƙugin babu.

"Shahad," ta ce. "Ƙawata."

Kan yarinyar ya faɗo kan kafaɗarta. Akwai numfashi a wuyanta, kaɗan-kaɗan.

Ta bi sawun motar. Ba gudu take ba, ba ta da shi, jan ƙafa take, tafin da ba takalmi yana barin jini a tsakuwa. Ta fara karanta duk abin da ya zo bakinta, ta rikice a tsakiyar surar da ta haddace tun tana yarinya, ta koma farko. A ranta tana ganin fuskar Nadiya a gindin bas, da yatsanta a kan farin maɓallin. Ta yi ta neman yadda za ta faɗa mata, da wane yare, a tsaye ko a zaune, a asibiti ko a wani wurin da ba ta yarda ta ambata ko a zuci ba. Ta roƙi Allah ya ɗauke ta ita, ta ci nata rabon har da ƙari. Rana ta ɗaga. Wani tsuntsu yana shawagi can sama, ta ƙi sake dubansa.

Ba ta san tsawon lokacin ba. Ƙugin ya dawo, wannan karon daga gabanta.

Ta ji abin ya sake kama ta, daga ƙwauri zuwa ƙugu, ƙafafun suna neman gefen hanya, idonta har ya zaɓi dutse. Sai ta saki jikinta ta zauna daɓas a tsakiyar hanyar, da goyon da komai, ta miƙe ƙafafun a gabanta ta danne gwiwoyinta da hannu biyu. Ta san in tana tsaye ba za su saurare ta ba. Ta rufe ido. Motar ta tsaya kusa har ta ji zafin injin a fuskarta.

Samari biyu ne cikin kaki. Daga baya ta ji cewa sansanin suka je gargaɗi a kan ruwan da ake tsammani a duwatsu, a can Malam ya ce musu tsohuwa da yarinya ba su dawo ba. A lokacin dai ba ta ji komai ba. Ta zaro katinta daga jakar wuya ta miƙa wa na farkon. Bai ko duba ba, ya zagaya bayanta yana kwance mayafin.

Ya ga maɓallin a damtsen yarinyar, ya tambaya da Larabci ina wayarta, yaushe ta ci abinci. Maiturare ta ce ta yi allura, ba ta ci ba. Ya yi wa ɗan'uwansa magana, wancan ya ruga mota ya dawo da dabino da kwalin lemo. Ya murje dabinon da yatsa ya shafa a cikin kumatun Shahad, yana kiran ta, yana bubbuga fuskarta, ɗayan kuma yana magana a rediyo. Maiturare ta ga zaƙi yana shiga bakin jikarta, tsohon gargaɗin likita ya taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye shi.

An daɗe. Sannan leɓen yarinyar ya motsa, ta tsotsa, ta yamutsa fuska. Da ta iya haɗiya ya ɗaga kanta ya ba ta lemon kaɗan-kaɗan. Ta buɗe ido ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ina itacen.

"Ki mayar da katinki, Hajiya," in ji saurayin. Sai a lokacin ta ga har yanzu tana miƙe da shi.

Da la'asar suna wani asibiti a bakin gari. An ɗaure wa Maiturare ƙafa, tana zaune a kujerar roba a kusurwa. Nadiya ta iso da abayarta a karkace, ta wuce ta gabanta ba gaisuwa, ta hau gadon ta rungume 'yarta ta daɗe ba ta ɗago ba. Malam ya kawo wayar da jakar lemon, ya tsaya a ƙofa yana ba da haƙuri, yana cewa da ya sani da bai karɓa ba. Ba wanda ya tambayi dalilin da bai sani ba. Hatim yana tsakanin matarsa da uwarsa, yana ta cewa alhamdu lillahi, ƙaddara ce, Umma ai ita ta goyo ta har titi da ƙafa ɗaya ba takalmi, wace tsohuwa ce za ta iya.

Shahad ta warware, ta ci shinkafa, bakinta ya dawo. Tana ba uwarta labari da Larabci tana sako Hausa a tsakiya don kakarta ta ji ta koyo: turmi, salka, murhu. Ta nuna tafinta da ya fashe. Ta ce bukkarsu ce ta fi ta kowa.

"Har ɓuya Kaka ta koya mini," ta ce. "Irin na mutanen da, in sun ga askar, masu kaki. Na ji mota ta zo, muka shiga bayan dutse muka yi shiru har ta wuce. Ba su gan mu ba ko kaɗan."

Hatim ya yi 'yar dariya, ya ce mafarki ta yi, mai saukar suga yana ganin abubuwa. Ya shafa kanta. Nadiya ba ta yi dariya ba, amma ita ma ta gyaɗa kai, ta gyara wa yarinyar filo. Shahad ta leƙo ta bayan hannun babanta ta dubi kakarta. Maiturare ta kasa gane ko yarinyar ta ɗauka wasa ne da gaske, ko ta sani sarai tana miƙo mata mayafin rufa ne.

Ba wanda ke jiran ta ce komai. Hatim har ya fara maganar zuwa ɗauko mota.

Ta dafa bango ta miƙe, ta taka ƙafar mai ciwo har bakin gadon. Ta tsaya ta ɓangaren da surukarta take.

"Ba mafarki ta yi ba," ta ce. "Motar ta zo tun da fari. Na gan ta, na ji tsoro, na ɓuya da ita a bayana har ta wuce. Wayar ma ni na sa ta bayar, lemon ni na kwashe, Malam kuma ban gaya masa ba."

Hatim ya ce, "Umma, ya isa."

Ba ta dube shi ba. Ta kama gefen gadon da hannu biyu, ta sunkuyar da kai a gaban Nadiya, yarinyar da ko uwarta ta girme wa.

"Ummu Shahad, kin faɗa mini ban saurara ba. Ki yafe mini. Shahad, ke ma ki yafe mini."